Ciwon Cikin Fasuma

Ni dai tuwo nake sayarwa, sunana Rekiya, kuma ban taɓa cewa na san boko ba. Na kwana biyu a Guangzhou, a wani ɗan gida can Panyu, hawan sama inda lif ba ya tashi lalacewa sai ranar da na ɗauko buhun shinkafa. Da safe in tuƙa tuwo, in kaɗa miyar kuka, in zuba a kuloli, in hau jirgin ƙasa in kai wa 'yan kasuwarmu a kasuwannin Zhanxi Lu da Shahe. Ƙaton Alhaji da ya gaji da cin taliya da tsinke, in ya hango kulata har muryarsa rawa take yi. Saboda haka ba abin da zai faru cikin Hausawan garin nan bai biyo ta kunnena ba.

Najiba 'yar wana ce. Shi ya turo ta karatun likita, ya ce in sa mata ido. Yarinya ce mai kai, ta iya Sinanci kamar a nan aka yanke mata cibiya. Duk matar da ta zo sari daga Kano ko Maraɗi ciwo ya kama ta, Najiba ce mai raka ta asibiti ta yi mata tafinta. Mata suna ji da ita, wannan ta ba ta gyale, waccan ta ba ta takalmi, har masu yi wa 'ya'yansu kamu akwai.

Da ta shiga digiri na biyu aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Duk cututtukan da Allah ya saukar a duniya, ga zazzaɓi, ga hawan jini, ga ciwon suga, yarinyar nan ta tsallake su kaf ta ɗauko lafiyar mata masu neman 'yan'uwansu mata. 'Yan maɗigo, in faɗa a fili, tunda ita ko kunyar faɗa ba ta ji. Tana yanka mini kuɓewa ta gaya mini, kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Na ce, "Innalillahi! Najiba, kanki ɗaya kuwa?"

Ta ce, "Gwaggo, suna ciwo, ba wanda yake duba su. Su ma sun ɗauka tunda ba namiji a lamarin ba abin da zai same su."

"To ke ce uwarsu? In kin gama, a wane asibitin Kano za ki kafa allo? Ko so kike a ƙone gidan ubanki?"

Ta ce malamarta ta yi mata alkawarin in aikin ya yi kyau za ta riƙe ta har digiri na uku, aikin kuma akwai shi a ƙasashe da yawa. Na ce ƙasashe da yawa ba su suka haife ta ba. Sai na ajiye muciya na tambaye ta abin da ke cina tun ɗazu, na ce ko ita ma tana ciki ne. Ta ɗago ta ce, "Gwaggo, duk mai karatun ciwon suga, suga gare shi?" Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ni kuma ban sake tambaya ba.

Ba a daɗe ba abin ya fashe. An yi taro a makarantarsu, kowa ya tsaya gaban allonsa yana bayani, wani ɗan ajinsu mai suna Ghali, Allah ya shirye shi in mai shiryuwa ne, ya ɗauke ta hoto da rubutun allon a bayanta ya tura guruf ɗin 'yan kasuwa. Kafin in gama raba tuwon ranar har an fassara, an ƙara gishiri. Daga ranar wayar Najiba ta yi shiru. Macen da aka gani tare da ita a ƙofar asibiti, to ta ga ta kanta, labari zai riga ta sauka a gida. Masu kamu suka janye. Ni dai ba a daina cin tuwona ba, don ciki bai san zuciya ba, amma gaisuwa ta gajarce.

Ana cikin haka Fasuma ta zo sari. 'Yar Maraɗi ce, takalman mata take saya a Zhanxi Lu, ta haura arba'in ba ta taɓa aure ba. Mutane sun yi magana har sun gaji, suka ce aljani ne ya aure ta, aka bar shi a haka. Tare take zuwa da wanta, Alhaji Tankari, kuma in faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne. Shi ke ɗaukar mata jaka, shi ke faɗa da laoban, wato mai shago, in an haɗa mata ƙafar hagu biyu a kwali, in ta gaji ya nemo mata kujera. Fasuma mace ce mai dariya, mai tsokana, kullum sai ta ce miyata ba ta kai ta Maraɗi ba kuma ta lashe kwanon. A gida tana da abokiyar shago, wata bazawara mai 'ya'ya da ake kira Aicha, maƙwabciyarta. Duk sabon samfurin da ya fito, sai ta ware ƙafar Aicha kafin ta yi cinikin sauran.

Wannan zuwan na ga ta zube. Idonta ya yi fari, gwiwa ba ƙarfi, tuwon ma cokali biyu ta ture. Ta ja ni banɗakin kasuwa ta tambaye ni ko ina da audugar mata. Na ba ta. Washegari ta sake tambaya, jibi ma haka.

Na ce, "Fasuma, wannan wace irin al'ada ce da ba ta da ranar tafiya?"

Ta ce, "Yaya Rekiya, wata da watanni ke nan. Ya tsaya ya dawo. Ga wari, ga bayana kamar zai tsinke."

Na ce ta bari Najiba ta kai ta asibiti gobe. Ta kama hannuna ta matse, ta ce, "Ɗiyar taki? Ki rufa mini asiri."

Tankari ne ya kai ta, da guntun Sinancinsa na kasuwa da wayar da ke yi masa fassara. Da la'asar na tarar da su a shagon takalma yana ta fara'a. Ya ce likitar mace ce, ta tambaya ko Fasuma ta taɓa kwanciya da wani. Ya ce ko juyawa bai yi ya tambaye ta ba, wannan ai cin fuska ne, shi ya amsa da kansa, ya ce mei yo, babu. Da likitar ta ji haka sai ta mayar da kayan aikinta, ta ce ba za ta duba ta ciki ba tunda budurwa ce. Aka shafa mata na'ura a kan ciki, aka ce mai yiwuwa al'ada ce ke shirin ɗaukewa, aka ba ta ƙwayoyi.

Ya ce, "Hajiya, mutanen ga sun san darajar mace."

Fasuma tana zaune a kan kwali tana kallon yatsun ƙafarta.

Da na koma gida na ba Najiba labari, ni a tunanina labarin daɗi na kawo. Yarinyar nan ta saki kofin da ke hannunta. Ta ce wannan tambayar ita ce ƙofa, in aka ce babu to an rufe. Ta ce alamomin da na lissafa irin na sankarar bakin mahaifa ne, ba ta ce ita ce ba, amma ba a ganewa sai an duba wurin da ido an ɗebi nama an gwada. Ƙwayar cutar da ke kawo ta kuma ba sai da namiji ba, fata da fata ma ta isa, mace tana ɗauka a wurin mace.

Na ce, "Ke kuma wa ya ce miki Fasuma tana wannan abin?"

Ta ce, "Ba wanda ya ce. Ba wanda ya tambaye ta ma. Gwaggo, in ita ce, kuma aka kama ta yanzu, ana iya yin wani abu. In ta koma haka, ban san a yaya za ta dawo ba."

Raina ya ɓaci, na rasa da wa. Amma ni ba a mutuwa a gabana ina kallo. Bizar Fasuma ta kusa ƙarewa, kaya sun kusa shiga kwantena. Na je na sami Tankari na ce ina son in yi wa ƙanwarsa lalle kafin ta tafi, zaman mata ne, shi ya je ya ji da masu lodi. Najiba kuwa ta roƙi wata malamarta da ke aiki a wani asibiti nan kusa da mu a Panyu, inda ba Bahaushen da ke zuwa, ta yarda za ta ga Fasuma ba tare da kowa ya sani ba.

Da hantsi Fasuma ta iso, ta hau benen nan tana hutawa a kowane hawa, don lif ya sake yin halinsa. Tana shiga ta ga Najiba, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Bon. Ashe lallen ke nan."

Na ce, "Lallen yana nan, na kwaɓa. Zauna."

Ta zauna. Najiba ta durƙusa ta gaishe ta, ta kira ta Anti, ta yi mata bayani a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Sannan ta ce, "Anti, tambayar da likita ta yi wa Alhaji, ke ya kamata a yi wa. Ba sai kin faɗi suna ba, ba sai kin ce namiji ko mace ba. Ki ce mini dai a duba, in faɗa wa likita a duba."

Na tashi zan ba su wuri, Fasuma ta ce in zauna, ai ni na haɗa. Ta daɗe tana kallon kwanon lallen. Sai ta ce, "In an duba aka ga abin ga, sai me?"

Najiba ta ce sai magani, mai yiwuwa aiki, mai yiwuwa gashi da na'ura, zai ɗauki watanni.

"Watanni. Wa za ya zauna da ni? Tankari. Wa za ya riƙe takardun lokotoro a asibiti? Tankari. Za ya ce, an ce ba a duba budurwa, ya aka yi aka duba ki? In ma bai tambaya ba, sunan ciwon kaɗai ya isa. A garinmu ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga ajin lakwal ba ta san ta inda aka ce ciwon ga yake shiga."

Na ce, "To su ce namiji ne mana! Ki ce wani ne, tun kina yarinya, ya mutu. Wa zai tono shi?"

Ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. Ta ce, "Yaya Rekiya, Maraɗi ce fa. Shekara da shekaru ana bin sawuna ana neman namijin ga, ba a samu ba, shi ya sa aka ba aljani. In suka sake tashi nema ba su samu ba, za su duba wa ke shiga ɗakina. Mutum guda ce."

Ba ta faɗi sunan ba, ba mu ma tambaya ba. Ta ce matar tana da ɗiya mata da suka isa aure, tana da dangin miji da ke neman dalilin karɓe su. Ta ce, "In na mutu da ciwon ciki, ita maƙwabciya ce, za ta zo ta yi mini wanka, a yi mata gaisuwa. In na mutu da wanga, ko ma in na warke da shi, ta ƙare."

Wallahi na yi faɗa. Na ce rai guda ne, na ce kashe kai haramun ne, na ce mutanen da take tsoro ko kabarinta ba za su share ba. Na yi kuka, na yi zagi. Najiba ta bi ta ta kowace hanya: a duba yau kawai, sakamakon ya tsaya a wurinta, ko a yi maganin a Yamai, ko a ce wa Alhaji wani ciwon ne daban. Kowace hanya Fasuma ta saurara har ƙarshe, ta nuna mata inda za ta yi yoyo. Ta riga ta yi wannan tunanin tun kafin ta hau jirgi.

Daga ƙarshe ta miƙo hannu ta ce, "A sa mini lallen, kar in koma Tankari ya ga hannu fari."

Na sa mata ina share hawaye da kafaɗa. Yana bushewa ta ce wa Najiba, "Abin ga, in mutum guda na da shi, ɗayan ma?" Najiba ta ce yana yiwuwa, ba dole ba ne, amma ya kamata a duba ta tun ba ta ga komai ba. Fasuma ta gyaɗa kai, ta ce in karanto mata lambar wayata ta sake adanawa. Na raka ta har tashar jirgin ƙasa, hannunta ya yi ja sosai, lallen ya kama.

Bayan tafiyarsu Najiba ta yi sanyi. Ta daina zancen makaranta, abinci sai na yi da gaske. Wata rana muna tsince shinkafa ta ce ta gaya wa malamarta za ta canza, za ta koma zazzaɓin yara.

Ta ce, "Na san komai, Gwaggo. Na san sunan ƙwayar, na san gwajin, na san likitar, asibitin ga shi nan ana hango shi ta taga. Ban iya tsallakar da mace guda titi ba. Da ban taɓa wannan karatun ba ma, da ni zan raka ta tun farko."

Abin da nake roƙo ke nan tun ranar kuɓewa, har sadaka na yi a kai. Ga shi an ba ni, na ji kamar na tauna ƙasa. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ci gaba da tsintar shinkafa.

Damina ta wuce, sanyi ya shigo, sai ga sanarwa a guruf: Allah ya yi wa Hajiya Fasuma Maraɗi rasuwa bayan fama da ciwon ciki. Mutanen da suka yi ta tura hoton Najiba su ne suka yi ta tura addu'a. Na zauna a kan buhu a kicin na yi kuka har tuwo ya kama.

Da Tankari ya dawo sari shi kaɗai, ya rame, ya ce yana son a yi mata sadaka bayan sallar Juma'a, kuma a gidana, don tana son tuwona. Na ce to. Suka cika ɗan falon nan, 'yan Kano da 'yan Nijar, har bakin ƙofa. Najiba ta shige ɗaki ta rufe, don kar ganinta ya hana wani cin abinci. Aka yi addu'a aka shafa, na fara zuba tuwo.

Sai Tankari ya fara ba da labarinta, hawaye na bin gemunsa. Ya ce ta sha wuya, a ƙarshe ko ruwa ba ya zama, amma ba ta taɓa yarda an buɗe ta ba. Ya ce ko a Maraɗi da aka matsa a kai ta asibiti, cewa ta yi a bar ta da mutuncinta. Ya ce maƙwabciyarta Aicha, Allah ya saka mata, ita ta yi jinyarta dare da rana, ita ta yi mata wanka.

Ya ce, "Yadda uwarmu ta haife ta haka ta koma. Ku tambayi Hajiya Rekiya, a garin ga lokotoron Sin da kanta ta ƙi taɓa ta, don ta ga budurwa ce."

Falo ya ɗauka, masha Allah, Allahu akbar, irin su sun yi ƙaranci. Wani ya ce a dai yi wa 'yan matan yanzu addu'a, yana satar kallon ƙofar ɗakin Najiba. Ludayin miya na hannuna, miyar tana tafasa, kuma Allah ne kaɗai ya riƙe hannun nan. Tankari yana kallona yana jiran in shaida. Matar ta ba da ranta don a faɗi wannan maganar, ni ce zan ƙwace mata? Na ce, "Haka aka yi, Alhaji."

Wayata ta yi ƙara a kicin, na je na duba. Lambar Nijar ce, ban san ta ba. Na ɗauka na ji shiru, sai numfashi, can wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya Rekiya ce? Aicha ce, ta Maraɗi."

Na ce, "Aicha, ya haƙuri?"

Ta ce da godiya. Ina jin kukan akuya a bayanta. Ta ce, "Kafin ta rasu ta ba ni lambar ga. Ta ce kina da ɗiya mai karatu, ta ce in kira tun ban ga komai ba. Ban kira ba, kunya ta hana ni." Ta ƙara da cewa, "Yanzu na gani."

Na bi ta bayan mutane da wayar a cikin zanina, na tura ƙofar ɗakin. Najiba na zaune a bakin gado da littafin zazzaɓin yara a cinya. Na miƙa mata, na ce Aicha ce. Ta kalli wayar, ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Gwaggo, na bari."

Na ce, "Karɓi, don ubanki."

Ta karɓa. Na ji ta yi sallama, ta ce, "Anti, ke kaɗai ce a wurin? To. Yaushe ya fara?"

Na fito na ja ƙofar, na tsaya a jikinta na ba ta baya. Tankari ya ɗago kwanonsa, idonsa jajir, ya ce Fasuma kullum tana cewa miyar nan ba ta kai ta Maraɗi ba, ko da saura a ƙara masa. Na ce da saura, amma ya miƙo kwanon, ba zan iya matsawa daga nan ba.